"Na San IP Ɗinki, Na San Gidanku": Gaskiya Ne Ko Burga?

  

Batunmu na wannan mako daga tsakar gidanmu ya taso. A hutun da ya gabata muna zaune da dare muna shan iska, sai ƙanwarmu da ke aji biyu na babbar sakandare ta zo ta raɓe kusa da mu. Ta miƙo wayar Umma, wadda ake ara mata idan an ba su aikin gida a makaranta, ta ce da muryar mai shirin kuka, "Yaya, don Allah duba min wannan, amma kar Baba ya ji."

Ashe kwana biyu kafin nan wani ya jefo linki a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, wai ana raba wa ɗalibai data kyauta. Ta latsa, shafi ya buɗe, ya nemi sunanta da lambar waya da sunan makarantarsu, ta rubuta duka. Data dai ba ta shigo ba. Abin da ya shigo washegari saƙo ne daga baƙuwar lamba. Mai saƙon ya kira ta da sunanta, ya jero wasu lambobi masu ɗigo a tsakaninsu, ya faɗi samfurin wayar daidai, sannan ya rubuta: "Wannan IP ɗinki ne. Na san gidanku, na ga duk hotunan da ke wayar. Ki turo katin dubu biyar kafin gobe da dare, in ba haka ba kowa zai gan su." Yarinya ta yini ba ta ci abincin kirki ba, har ta fara tunanin fasa asusunta.

Ba mu tsaya yi mata dogon bayani ba. A kan wayar nan dai muka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshin IP ɗinsa. Da farko, lambar da ta fito ta sha bamban da wadda mutumin ya turo. Na biyu, shafin ya ce wayar tana Legas, alhali muna zaune a Katsina, tafiyar sama da kilomita 1,000 a mota. Muka sa wayar a yanayin jirgin sama, muka ɗan jira, muka cire, muka sake dubawa, sai ga wata sabuwar lambar kuma. A nan ne ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ke nan ƙarya yake yi?" Muka ce ƙarya ce aka gauraya da 'yar gaskiya, kuma irin wannan ta fi firgita mutum. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware muku inda gaskiyar ta tsaya da inda burgar ta soma.

Mene ne adireshin IP?

Duk lokacin da kuka buɗe shafi ko kuka kunna bidiyo, wayarku saƙo take aikawa zuwa wata babbar kwamfuta da ke ajiye da abin da kuke nema, wadda ake kira uwar garke. Ita kuma dole ta san inda za ta mayar da amsa. To, adireshin IP shi ne wannan shaida ta inda za a mayar. Haruffan I da P taƙaitaccen suna ne na ƙa'idar da na'urori ke bi wajen miƙa wa juna saƙo a intanet. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Vint Cerf da Bob Kahn, su suka aza harsashinta a 1974. Tsarin da muka fi haɗuwa da shi a nan, mai suna IPv4, an fitar da shi a rubuce a 1981.

Siffarsa gida huɗu ce ta lambobi, kowane gida daga 0 zuwa 255, da ɗigo a tsakani, kamar 203.0.113.7. Wannan ta misali ce kawai, ba ta kowa ba ce. Masu son lissafi su gwada 256 × 256 × 256 × 256. Amsar ita ce 4,294,967,296, wato kusan biliyan 4.3. Iyakar adireshin da tsarin zai iya samarwa ke nan. A 1981 an ɗauka ya ishi duniya har da ragowa. Amma mutanen duniya sun haura biliyan 8 a Nuwamban 2022, ga wayoyi, ga kwamfutoci, ga na'urorin POS. Tun a Fabrairun 2011 babbar hukumar da ke rabon adireshin, IANA, ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Akwai sabon tsari, IPv6, wanda yawan adireshinsa ya kai 340 da sifili 36 a bayanta, sai dai har yanzu ba a gama komawa kansa ba.

Rabon kuwa daki-daki ake yin sa. IANA ta ba ƙungiyoyi biyar na shiyyoyin duniya. Ta Afirka sunanta AFRINIC, tana tsibirin Mauritius. Ita ke ba kamfanonin sadarwa, su kuma su ara wa wayarku guda ɗaya duk lokacin da kuka kunna data. Ku riƙe kalmar nan, aro. Lambar waya ta layi ce, tana nan muddin layin na nan. Lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda za ku gani idan kun danna *#06#, a jikin wayar take. Shi kuwa adireshin IP na kamfani ne, yau yana wurinku, anjima yana wurin wani a wani gari.

Adireshi ɗaya, mutane da yawa

Saboda ƙarancin nan, kamfanonin waya sukan haɗa masu layi da yawa a kan adireshi ɗaya a lokaci guda. 'Yan makarantar kwana za su fi saurin fahimta. Idan aka aiko muku da garin kwaki da ƙuli-ƙuli daga gida, direba sunan makaranta kawai ya sani, a bakin ƙofa yake sauke kaya ya juya. Bai san ɗakin kwananku ba, balle gadonku. Wanda ke riƙe da littafin bakin ƙofa shi ya san wane saƙo na wane ne. Haka abin yake a intanet. Shafin da kuka shiga kamar direban nan yake, ƙofar kamfani yake gani. Littafin kuwa yana hannun kamfanin sadarwa.

Saboda haka wanda ya samu IP ɗin wayarku zai iya sanin ƙasar da kuke, kusan ba kuskure. Zai san kamfanin da kuke amfani da layinsa, domin rajistar wane kamfani ke riƙe da waɗanne lambobi a buɗe take ga kowa. Zai iya gane ko da data kuka shiga ko da Wi-Fi na wata makaranta ko ma'aikata. Batun gari kuwa kintace ne, musamman a layin waya, inda sau da yawa ake nuna birnin da manyan na'urorin kamfanin suke. Dalilin da ya sa aka kai ƙanwarmu Legas ke nan. Sunanku, lambar wayarku, layin gidanku da hotunan da ke cikin waya, babu ko ɗaya a jikin adireshin IP.

To ina mutumin ya samo sauran? Suna da lamba da makaranta, ita ta rubuta masa da hannunta. Samfurin waya kuwa, burauza takan sanar da shafi irin na'urar da ta shigo, don ya daidaita kansa da girman allonta. Ya tattara waɗannan ya ɗora IP a kai don abin ya yi kama da aikin gwanin kutse. Gida da hotuna ƙari ne ya yi.

Gonar da ta ɗauki laifin miliyoyi

Don ku ga yadda kintacen nan ke iya kaucewa, ga abin da ya faru a Amurka. Wani kamfani mai suna MaxMind yana sayar da bayanin inda kowane IP yake a taswira. Idan ya san adireshi na Amurka ne amma bai gano garin ba, sai ya ajiye shi a wani ɗigo kusa da tsakiyar ƙasar, inda layin digiri 38 arewa ya haɗu da na digiri 97 yamma. Ashe ɗigon ya faɗa ne a harabar wata gona kusa da ƙaramin garin Potwin a jihar Kansas. Adireshi sama da miliyan 600 suka koma suna nuna gonar.

Shekara da shekaru mutanen gidan suna shan baƙi. 'Yan sanda sun zo neman motocin sata da yaran da suka gudu daga gida, jami'an FBI sun zo, waɗanda aka damfara a intanet sun yi ta kira suna zagi. Su kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sai a 2016 wata 'yar jarida, Kashmir Hill, ta binciko musabbabin, kamfanin ya matsar da ɗigon zuwa tsakiyar wani tafki. Idan jami'an da aikinsu ke nan sun bi taswirar IP sun ƙare a gidan da ba shi ba, ina ga wani mai neman katin dubu biyar?

Amma kada wani ya ɗauka ba a ganin sa

Yanzu bari mu juyo kan ɗaya ɓangaren, domin mun san a cikinku akwai wanda ya fara murmushi. Muna nufin mai buɗe shafi da sunan bogi yana zagin 'yan ajinsu, ko yana ɗora hoton wata ɗaliba ko wani malami ana dariya, yana ganin ai ba wanda zai gano shi. Ɗan'uwa, ka manta da littafin bakin ƙofa.

Manhajar da ka buɗe shafin a cikinta tana rubuta adireshin IP da lokacin da aka shiga. Kamfanin sadarwa kuma yana iya duba wane layi ya ara wa wannan adireshi a wannan rana da wannan lokaci. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin ajiye irin waɗannan bayanai da na masu layi har shekara 2, kuma hukumomin tsaro na iya neman su ta hanyar da doka ta tsara. Tun Disamban 2020 kuma aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN mai alƙaluma 11. Idan aka jera su, shafi ya kai ga IP, IP ya kai ga layi, layi ya kai ga suna da hoto da adireshin gida.

Sai ka tambayi kanka, layin da ke wayarka da sunan wa aka yi masa rajista? Yawancinku da sunan Baba ne, ko Umma, ko wani yaya. Ranar da abu ya ɓaci, shi za a fara nema. Kifi na ganin ka, mai jar koma.

Wannan ne ma ya sa dokoki ba sa ɗaukar IP a matsayin lambar banza. A Oktoban 2016 babbar kotun Tarayyar Turai, a ƙarar da wani Bajamushe mai suna Patrick Breyer ya shigar, ta yanke cewa ko adireshin da ke canzawa yana iya zama bayanin sirrin mutum, muddin akwai halattacciyar hanyar haɗa shi da mai shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ita ma ta sanya alamomin da ake gane mutum da su a intanet cikin abubuwan da take karewa.

Inda asiri ya fi tonuwa

Mun daɗe muna lura cewa abin da ke nuna ƙofar gidan mutum, da hannunsa yake ba da shi. Na farko shi ne GPS. Shi da tauraron ɗan'adam yake aiki, kuma a fili yana iya nuna inda kuke tsaye da kuskuren 'yan mitoci kawai. Duk manhaja ko shafin da ya ce yana son sanin inda kuke, kuka danna amincewa, kun ba shi abin da IP ba zai taɓa ba shi ba. Ku tambayi kanku, me manhajar tocila ko ta gyaran hoto za ta yi da wurin zamanku?

Na biyu hoto ne. Idan an bar kyamara da izinin wuri, takan rubuta ainihin inda aka ɗauki hoto a ɓoye cikin fayil ɗin. A Disamban 2012 John McAfee, wanda ya ƙirƙiri sananniyar manhajar nan ta kare kwamfuta, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize da ke son yi masa tambayoyi kan mutuwar maƙwabcinsa. 'Yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa ba tare da goge wannan bayani ba. Nan take masu bincike suka ga yana Guatemala, cikin 'yan kwanaki aka kama shi a can. Gwanin tsaron kwamfuta ke nan, hoto ɗaya ya ba da shi. WhatsApp da Facebook sukan cire wannan bayani daga hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, amma idan kuka tura shi a matsayin fayil, da bayaninsa yake tafiya.

Na uku kuma ko na'ura ba ya buƙata. Hoto da kayan makaranta, bajo a ƙirji, allon shagon unguwa a baya, lambar motar Baba a gefe, an ɗora a sitatus. Duk mai ido ya gama karantawa.

Na huɗu ya fi duka haɗari, wato sauke manhaja daga linkin da aka turo maimakon daga Play Store ko App Store. Irin wannan ce ke iya shiga hotuna da saƙonni da gaske idan aka ba ta izini. Abin da muka fara tambayar ƙanwarmu ke nan, ko ta sauke wani abu. Da ta ce a'a, muka duba jerin manhajojin wayar muka tabbatar, sai hankalinmu ya kwanta.

VPN fa?

Yayyenku za su tuna lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, inda VPN ya zama ruwan dare. Aikinsa shi ne ya bi da saƙonku ta wata uwar garke a wani wuri, sai shafi ya ga adireshin can maimakon naku. Yana ɓoye IP daga shafin, gaskiya ne. Amma mai VPN ɗin yana ganin adireshinku na ainihi da wuraren da kuke shiga. Kun ɗauke amana daga hannun kamfanin da hukuma ke sa wa ido, kun damƙa ta ga wanda ba ku san ko wane ne ba. Na kyautan nan kuma, ku tambayi kanku da me yake biyan kuɗin na'urorinsa. Sannan idan kun shiga Facebook da sunanku, VPN bai ɓoye ku daga Facebook ba.

Shi kuwa yanayin sirri na burauza, mai baƙin allo, ko kusa ba ya taɓa IP. Iyakarsa ya hana wayar ajiye tarihin shafukan da aka buɗe, don wanda zai karɓe ta bayanku.

Abin da za ku yi

Idan aka turo muku barazana irin wannan, kada ku tura ko sisi, domin wanda ya biya sau ɗaya ya nuna zai sake biya. Kada ku tsaya musu ko roƙo. Ku ɗauki hoton saƙon yadda lambar za ta fito, sannan ku toshe ta, ku kai ƙararta a cikin manhajar. Ku gaya wa babba a ranar, ko iyaye, ko yaya, ko malamin da kuka yarda da shi. Jarin mai barazana shi ne shirunku. Yi wa mutum barazanar ɓata suna ta intanet don a karɓi kuɗinsa laifi ne a dokar 2015 da muka ambata, kuma rundunar 'yan sandan Najeriya tana da cibiya ta musamman kan laifukan intanet. Ko da akwai abin da kuke jin kunyarsa a cikin maganar, faɗan gida na yini ɗaya ya fi zama a hannun ɗan damfara sauƙi.

Sai rigakafi. Linkin data kyauta, tallafin karatu na gaggawa, ko amsar jarrabawa, ku bar shi inda kuka gan shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku shiga saitin waya ku duba manhajojin da ke da izinin wuri, ku cire wa duk wadda ba ta buƙata, har da kyamara. Sababbin wayoyi ma suna ba da zaɓin nuna yanki kawai maimakon ainihin wuri. Saƙon rubutu a WhatsApp ba ya nuna wa abokin hira IP ɗinku, amma kira na iya haɗa wayoyi biyu kai-tsaye. Tun Nuwamban 2023 akwai makulli a sashen sirri na manhajar da ke kare adireshin yayin kira, ku neme shi ku kunna.

Ƙanwarmu dai a daren muka lallashe ta muka je wurin Baba tare. Ya yi faɗa, amma bai kai wanda ta zata ba, kuma rabinsa a kanmu ya sauka, wai muna jami'a ba mu koya wa na baya komai ba. Aka toshe lambar, aka sanar da malamar ajinsu, ita kuma ta gargaɗi 'yan zauren. A nan aka gano ashe ba ita kaɗai aka tura wa saƙon ba, kuma akwai wadda ta riga ta tura katin. Wa'adi ya cika ya wuce, ba hoton da ya fita, domin dama ba shi da ko ɗaya.

Ga aikin gida na wannan mako. Da izinin mai wayar, ku duba adireshin IP ɗinta, ku rubuta lambar da garin da aka nuna. Ku sa ta a yanayin jirgin sama, ku cire, ku sake dubawa. Idan akwai Wi-Fi a kusa ku gwada da shi ma, ku kwatanta. Ku aiko mana da garin da kuke da garin da aka kai ku, amma ban da lambar kanta. Za mu kawo waɗanda aka fi kaiwa nesa a fitowa ta gaba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.